Sashe na Goma Sha Ɗaya

A ma'aikatar birnin Valparaíso, hawa na uku,
inda taga ke kallon jiragen ruwa,
ni ke rubuta yarjejeniyar bango.
Shekara ashirin da biyu ina auna zane da mita.

Ximena Quilodrán ta shigo da shuɗi a ƙarƙashin farce,
ta karanta shafi tara, ba ta tsallake layi ba.
Kuɗi kashi uku: kafin alƙalami, rabin aiki,
na ƙarshe sai kwamiti ya ɗaga kai ya ce to.
Tsani nata, inshora tata,
in ta faɗo, ba da yawun hukuma ba.
Fenti ya jure iskar gishiri shekara goma.
Ta yi dariya: "Don Evaristo,
ko gwiwata ba ta yi mini wannan alkawari ba."

Sai yatsanta ya tsaya a sashe na goma sha ɗaya:
hukuma na da ikon shafe bangon
ranar da ta ga dama, ba sallama.

Ta ce, "Doña Herminda zan zana, mai kifi,
wadda ta hau matakala ɗari da sittin kullum
da kwando a kafaɗa, har bara da ta rasu.
Sau biyu za ku binne ta?"

Na ce ni ɗan aike ne.
Ƙarya na yi.
Ni na ƙaga sashen, wata shekara
da wani kansila ya tsani jan launi.

Jirgi ya yi kuka a tasha.
Na ciro alƙalamina, ba na ofis ba,
na ƙara a gefe da hannu:
sai an ba ta wata uku,
sai an ji ta bakin mutanen unguwa.
Lauya zai yi tsaki, ya sha shayinsa.
Ta sa hannu, shuɗin ya ɓata takarda,
ban nemi sabon kwafi ba.

Yanzu ta can nake bi da safe,
ko da yake ba hanyata ba ce.
A mataki na tamanin numfashi kan ƙare mini,
in dafa ƙarfe, in ɗaga kai.
Gishiri ya soma cin bakin kwandon.
Saura shekara bakwai a takarda.
Ita kuwa Herminda kallona take
kamar na taya kifi da arha.