Masu Tsaron Baya a kan Ƙanƙara

A Ijora, bayan mun sauke kwalin kifi na ƙarshe,
yatsunmu sun mutu da sanyi,
Sallau ya jingina wayarsa da buhun gishiri,
muka zuba wa mutanen wata ƙasa ido
suna tsere a kan abin da muke saye da tsada.

Filinsu ƙanƙara ce zalla.
Takalmansu wuƙaƙe.
Ƙwallonsu baƙa wuluk, kamar masar da aka manta a tanda.

Sunayensu sun ƙi zama a bakinmu,
sai muka raɗa musu namu:
wannan Shirwa, wancan Ƙugiya,
dukansu masu tsaron baya.

Sallau ɗan Shirwa ne.
Ya ce, dubi yadda yake barin ƙofar gidansu,
ya ratsa ƙarti biyar shi kaɗai,
ya ɗaga sanda, raga ta girgiza.
Sha tara ya ci a bana,
na rubuta a bayan rasiɗi.

Na ce, sake lissafi.
Ƙugiya ba ya nisa da shuɗin layi,
daga nan yake miƙa wa yara,
su ci, a rungume su, a haska fuskarsu,
shi kuwa ya juya yana gyara hula.
Arba'in da ɗaya ta sandarsa suka bi.
Mai tuƙa tuwo ba a ganin sa a bakin akushi.

Sallau ya ja tsaki.
Na ce, in aka ci gida yana can gaba fa?
Ya ce, an ci su ɗaya, ya rama biyu,
wa ya yi asara?

Nan wuta ta ɗauke.
Janareta ya yi tari sau biyu, ya yi shiru.
Iya Risi ta ɗora hannu a ka:
kwali ɗari uku, ga zafin Legas!

Sallau ya suri jarka ya ruga neman man dizal,
yana kutsawa tsakanin danfo da tirela.
Ni na tsaya a ƙofar ɗakin sanyi,
ina toshe kafa da buhuna,
ina miƙa ƙanƙara hannu zuwa hannu
har kafaɗata ta daina ji.

Da ya dawo, shi aka tafa wa.
Iya Risi ta saya masa lemo.

Na ɗauki wayar daga kan gishiri.
Ƙugiya na can a layinsa, yana jira.
Tasu ƙanƙarar ko gezau,
tamu kuwa tana bin ƙasan silifas ɗina
tana neman kwata.