Raƙumin Dawa Mai Faci

Fam goma sha ɗaya da kwabo arba'in,
abin da haya da kuɗin wuta suka bar mini ke nan.
Na ƙirga a bas, na sake ƙirgawa da na sauka,
ko Allah zai sa su haihu a aljihu.
Ba su haihu ba.

Jibi Munzali zai cika biyar.
Nusaiba kuwa ba ruwanta da lissafin kwana,
in an ba yayanta a ba ta,
in ba haka ba duk Bolton sai an ji.

Uwarsu ta gindaya sharaɗi tun a waya:
"Yaya, ban da mai ƙara,
tsohon da ke ƙasanmu sandarsa yake buga wa silin.
Ban da mai cin batir, ban da bindiga,
ban da abin da zai bi maƙogwaro,
ka san 'yar nan, har maɓalli ta taɓa haɗiyewa."
Na ce to, me ya saura a duniya?

Babban kanti na fara leƙawa.
Wata jar mota ta yi mini fari da fitilunta,
na juya takardar kuɗin,
na mayar da ita a hankali kamar ƙwan maƙwabci.
Dare biyu ke nan ina tsaye a bakin sito,
sanyi na cin yatsun ƙafa.

Sai shagon gwanjo, kusa da mai gyaran waya.
Warin tsofaffin littattafai da jiƙaƙƙun riguna.
Maureen ta dube ni ta saman tabarau,
ta tura mini kwando da ƙafa.
Na durƙusa, gwiwa ta yi ƙara,
ni da furfura, ina tonon yarintar 'ya'yan wasu.
Ga zomo mai kunne ɗaya.
Ga jirgin ƙasa, an rubuta masa suna a ciki da biro.
Ga kofuna bakwai, kowane na shigewa cikin ɗan'uwansa,
babu wanda zai shiga bakin Nusaiba.
Na ce ke kam an gama da ke.

Mu da karan dawa muka yi mota,
tsohon silifa ya zama taya,
ba wanda ya taɓa tambayar farashin murna.
Amma nan ina zan ga kara?
Ko ciyawar bakin titi tana da mai ita.

A ƙasan kwandon na tarar da shi:
wasan haɗa hoto, raƙumin dawa na cin ganye.
Kwalin ya ce ashirin da huɗu.
Na zube su a kan kanta, na bi ɗaya bayan ɗaya,
layi na taruwa a bayana.
Ashirin da uku.
Maureen ta ce kawo kwabo hamsin kawai.
Rabona da ragi ba tare da ciniki ba
har na manta.

Da dare na haɗa shi a teburin kicin.
Giɓin a wuya yake, daidai tsakiya,
kai a sama, jiki a ƙasa, ba sa ga maciji.
Na yanko kwalin ganyen shayi,
sau huɗu almakashi na kunyata ni,
na biyar ya zauna daram.
Na shafa rawaya, na ɗiga ƙasa-ƙasa,
na kwanta ina roƙon kada ya lura.

Ya lura.
Kafin a yanka kek ya ɗago shi,
ya juya bayansa, ya shinshina.
"Kawu, wannan ƙamshin gidanku yake yi."
Na buɗe baki zan kawo hanzari,
ya riga ya cusa shi a aljihun wando.

Har yau raƙumin yana nan da giɓinsa a wuya.
Uwar ta ce da facin yake kwana,
sau biyu tana ceto shi daga injin wanki.
Nusaiba ta gwada kofi na bakwai, ya ƙi shiga.

Canjin kuwa, na sayi safa mai kauri.