Fegin Kavindu

Shekara goma sha tara ina taka keken ɗinki a Machakos,
har ramin allura ya fara ɓuyar mini,
kafin na haɗa abin da tsoho Nzomo ya yanka:
shilin dubu ɗari bakwai, ba ragi.
Muka tafa a gindin mangwaronsa,
jikarsa ta kawo shayi.

Rabin fegin fako ne da dutse.
Gefe guda kwazazzabo,
inda ruwan Afrilu ya taɓa wucewa da awaki biyu.
Ragowar nake so:
ɗaki ɗaya, kunyoyin masara shida,
da inuwar da zan tsufa a ciki.

Ran Talata mai ƙiyasin gwamnati ya zo,
Mbithi, takalminsa kamar madubi.
Bai sauko daga mota ba. Ya zuge gilashi,
ya hango sabuwar kwalta can gangare,
ya rubuta miliyan ɗaya da dubu ɗari tara.

Na ce ga yarjejeniya, ga rasit.
Ya ce kowa haka yake zuwa,
a rage farashi a takarda don kuɗin hatimi ya yi sauƙi.
Na ce to sauko ka auna kwazazzabon.
Ya ce ba ya cikin taswira.

Sawu biyar na yi zuwa ofishin filaye.
Taga ta huɗu ta tura ni ta tara,
ta tara ta tafi cin abinci.
Na ɗauko Nzomo da sandarsa ya ba da shaida,
ya ji adadin, ya ƙyalƙyale da dariya:
"Ashe arha na yi miki, Kavindu, ciko!"
Shi wasa yake.
'Ya'yansa da ke bayansa ba su yi dariya ba.

Yanzu faɗa biyu nake da baki ɗaya.

Da aka turo wata yarinya ta sake dubawa,
ta sauko, ta taka, laka ta riƙe mata takalmi.
Tana tsaye da ƙafa guda ta rage dubu ɗari shida.
Iyakar abin da alƙalaminta zai iya ke nan, in ji ta.

Na biya. Keken ɗinkin ne ya tafi.
Jiya na shuka wake a gefen dutsen,
ina jin motoci suna wucewa can ƙasa
a kan titin da na biya wa haraji.