Cokalin Shayi

Likita ba ta ɗaga murya ba.
Sikelin kawai ta nuna mini, na ga lambar da idona,
ɗari da huɗu.
Ta ce, Hajiya Barira, gwiwa fa ba jaki ba ce.

Na fito ina jin haushin kowa.
A gadar Oshodi sau uku na tsaya ina haki,
'yan talla na kewaye ni kamar an dasa ni a wurin.
Wata tsohuwa ta ce mini wani abu da Yarabanci,
ban ji ba, amma na gane.

Ni fa 'yar Inna Kulu ce.
A gidanmu ba a auna mai,
kifa kwalba ake yi har sai miya ta buɗe ido,
kuma wanda aka fi so, shi ake malala wa man shanu.
Shekara goma sha tara da zuwana Agege,
abin da na iso da shi daga Gumel bai fashe a hanya ba
shi ne hannun nan mai nauyi.
Kewa ta taso, in soya.
Ruwa ya ci lungunmu, in soya.
A ɗauke wuta, in soya a duhu.

Yau ga ni da cokalin shayi,
ina ɗiga man gyaɗa a tukunya
kamar mai bai wa jinjiri magani.

Ran Asabar na shiga Mile 12 da takalmin roba.
Acca mudu biyu wajen Tanimu mutumin Jos,
zogale, kabeji, ɗanyar kuɓewa, yalo mai ɗaci,
bandar kifi guda uku.
Kaza kuwa na tuɓe mata riga,
na shafe ta da citta da tafarnuwa da masoro,
na ɗora a waya bisa garwashi,
kitsen na ɗiga cikin wuta yana tsaki.

Sai Iya Ronke ta aza kaskonta a bayan katanga.
Ƙamshi ba ya sallama.
Ya shigo ta taga, ya zauna a tabarmata,
ya kira ni da sunan da Inna ke kirana.

Sallau ya kai loma ɗaya, ya ɗaga malmalar acca
yana leƙen ƙarƙashinta
kamar wanda canjinsa ya faɗi a mota.
Ya ce, gishiri ya ji.
Na ce, na gode.
Muka ci, fanka na ta surutu ita kaɗai.

A mako na uku Tabawa ta aiko direba da ƙullin daddawa.
Na jefa a turmi, na buga sau biyu,
sai ga ni tsugune a gindin murhu ina 'yar shekara bakwai,
hayaƙi a ido, Inna na kaɗa kuka da maburgi,
ba ta ko kai ga kwalbar ba tukuna.
Na daɗe riƙe da taɓarya.
Miyar daren nan ba ta da ido ko ɗaya,
Sallau ya suɗe kwano, ya tambaya ko da saura.

Kada in yi ƙarya.
Ran Laraba na ci ƙosai huɗu a tsaye bayan ƙofa,
na goge baki da gefen mayafi.
Tuwona yanzu bai wuce dunƙulen hannuna ba,
wani dare cikina yakan yi ƙara kamar janareton maƙwabta,
in sha ruwan zoɓo ba sukari, in juya bango.

Wata biyu, kilo uku da rabi.
Ko tela bai lura ba.

Amma jiya na hau gadar Oshodi,
sau ɗaya na tsaya, shi ma don in leƙa ne.
Can ƙasa danfo sun taru, rawaya, suna ƙyalli cikin ruwan sama,
suna yawo kamar mai a kan miyar Inna.

Na haɗiyi yawu.
Na sauka da ƙafata.