Ɗigo Uku

A Wad Madani, bayan rumfunan masu gyaɗa,
aka janyo min ita da igiya.
Ja ce a da, yanzu launin busasshen barkono,
kujera biyu rak, ba rufi,
kaji sun shekara suna ƙwai a mazaunin direba.

Jikar mai ita, Ihsan 'yar Mirgani, ta ce:
"Usta Tanimu, kakana ya saye ta hannun wani injiniyan auduga.
Inji yana tashi. Giya ce ta ƙi."
Na ce, "Giyar da ba a sha, ita ke sa bakanike tangaɗi."
Ba ta jin Hausa. Wargin ya mutu a bakina.

Na kwanta ƙarƙashi, ƙasa tana gasa min baya.
Noti goma sha huɗu, biyu sai da wuta.
Muka sauko da akwatin, ni da yarona Ɗanliti,
nauyinsa kamar tunkiya mai ciki.

Lambar jikinsa, tsatsa ta ci rabi,
magagari ya ci sauran.
Littafin motar ya ce kusoshi takwas a murfi,
na ƙirga shida.
Ashe ba ɗan gida ba ne,
agola ne da ya daɗe har aka manta ranar zuwansa.

Wanda ba shi da takarda, haƙoransa ake dubawa,
kamar raƙumi a kasuwa.
Na sa alli, na ƙirga, na ɓata, na sake:
sha tara nan, talatin da ɗaya can.
Sai ya faɗi asalinsa:
daga wata ƙaramar motar ɗaukar kaya aka ciro shi,
jaki ne aka sa wa sirdi.

Kananzir a daro, tsohon buroshi, haƙuri.
Zoben tagulla na lamba biyu ya siɗe kamar tsohon kwabo.
Boris na kuka, tsakuwa a gwangwani.
Cokalin ribas ya lanƙwashe,
wani ya taɓa huce fushinsa a kansa.

Can ƙuryar shaf, inda washa ya kamata ta zauna,
sai ga ɗan faifai da aka yanko daga gwangwanin madara,
da ɗigo uku na bakin ƙusa,
zaune kamar duwatsun murhu.

Na ajiye sifana.
Ɗanliti ya ce, "Ka yanke ne?"
Na ce a'a.

Na san hannun.
Fanfon ruwa, keken ɗinki, injin markaɗe a Maiwurno,
duk abin da Baba ya buɗe ya rufe,
haka yake bar masa shaida.
Shi ne ya ce min, ina ɗan sha tara,
"Kana da hannu, ba ka da kunne."
Na kwashe kayana washegari.
Ranar da na koma, na tarar ana rabon gumba.

Shekara arba'in bangon gwangwani yana riƙe da ƙarfen Turawa.
Na auna shi. Daidai.
Ko gashi ba zai ratsa ba.

Sabbin zobba suka zo daga Omdurman a motar dare,
Awad mai tuƙa ƙarfe ya miƙe cokalin,
na yanka gaskit da kwali, na shafe shi da giris.
Komai sabo na sa.
Faifan nan kuwa na mayar da shi ɗakinsa.

Bayan la'asar muka bi titin bakin kogi.
Ɗaya. Biyu ta shiga kamar hannu a aljihu.
Uku. Huɗu.
Ihsan ta riƙe mayafinta tana dariya,
ni kuwa na karkata kai ina saurare.
Shiru ne, irin wanda ake koya.

Kafin in rufe murfin da safen nan
na ɗauki ƙusa da guduma, in ƙara nawa ɗigon.
Na daɗe a tsaye.
Sai na mayar da su akwati.
Dutse uku ya ishi tukunya.