Kundin Kawu Mumuni

Kawu Mumuni ya bar mana shago a Aboabo,
da kaset dubu biyu da 'yan kai,
da littafi mai baƙin bango
wanda gara ta riga ni karantawa.

Dare ya raba a Kumasi.
Mai shayi ya kife kofunansa,
ni kuwa na buɗe baƙin allo,
ba hoto, ba ado,
sai ɗigo fari yana ƙifta min ido:
to, faɗi.

Na rubuta: ƙara.
Suna, shekara, harshe, minti nawa.
Na Indiya ɗari huɗu. Na Asante sun fi su surutu.
Na 'yan dambe ya sa musu "kar a ba yara",
shi ke kunna mana su ran Juma'a.

Na rubuta: jera.
Nan take suka yi sahu
kamar an ta da iƙama,
aikin da ya ci masa shekara talatin da biro.

Sai a gefen shafi na tara:
"Abiba ta ara, Laraba. Ba ta maido ba. A bar mata."
Na juya, ga ta. Na ƙara juyawa, ga ta.
Na buɗe mata gurbi na musamman.

Da na gama na ce: nemo Abiba.
Sittin da ɗaya.
Kawun da muka binne tuzuru!

Wuta ta ɗauke, ban adana ba.
Na zauna a duhu da sauro
ina ƙirga Laraba.