Jirgin da Ya Miƙe Tsaye

Wayar Namadi ta tsage daga kusurwa,
tsagar ta ratsa fuskar yaron Japan,
amma haka muke kallo, ni da shi,
bisa benci a bayan garejinmu na Agege,
an ɗauke wuta, janaretan maƙwabci yana tari.

Jirgin sama ne da farko.
Sai ya karya fukafukansa baya,
hanci ya koma ƙirji,
wutsiya ta rabe biyu ta taka ƙasa,
kai ya ɓullo ta inda ba a zata ba.
Na ce, mayar baya. Ya mayar.
Na ce, ƙara.
Shekara ashirin da uku ina walda,
ina neman inda suka ɓoye haɗin.

Baba, zane ne fa.
Na san zane ne. Amma wanda ya zana
ya taɓa riƙe sifana. Dubi gwiwar nan.

Bayanmu danfo uku sun durƙusa ba taya.
Ta tsakiya, wadda Alabi ya yasar tun damina,
ita nake gani tana miƙewa in na rufe ido:
ƙofa kafaɗa, kujerun katako haƙarƙari,
kwandasta rataye a kunnenta yana kiran Oshodi, Oshodi,
taku ɗaya ta tsallake cunkoson Ikeja,
ta tsoma ƙafa a ruwan Makoko,
ta sunkuya tana tsince kwalekwale da yatsa biyu
don kada ta taka na wani.

Shi ke karanta rubutun ƙasa,
yana juya mini da Hausarsa mai gishirin Yarbanci.
Baƙi ne, Baba, daga wata duniya.
Gari suka zo ƙwacewa.
Jiragensu sun rufe sama kamar fara,
gidaje na zubewa kamar tulin tumatir a Mil Sha Biyu.

Na ce, me ya raba su da gida?
Ya ja hoton baya, ya karanta da leɓe.
Tasu ta bushe. Rana ta shanye ruwan.

Na yi shiru.

Rijiyarmu can bayan Maigatari,
igiya gaba talatin, guga na dawowa da yashi.
Bisa buhunan albasa na shigo garin nan,
kwana biyu ina warin kayan wani.
Ba wanda ya harbe ni da hasken wuta.
Wata mai tuƙa amala ta dube ni sama da ƙasa,
ta miƙo ruwa a kofin roba,
ta faɗi abin da ban gane ba sai bayan shekara.

Ban gaya masa ba,
amma duk jirgin baƙin da ya tarwatse
sai in ji ina ƙirga mutanen ciki.

Matuƙin ƙarfen shekararsa sha huɗu.
Yana kuka a cikin ƙirjin dodon,
hannu na rawa, manya na ba shi umarni daga ɗaki mai sanyi.
Namadi sha uku.
Gobe shi zai riƙe mini ƙarfe in ɗora wuta,
ya kau da ido kamar yadda na koya masa,
ba koyaushe yake kaudawa ba.

Dodon ya zaro takobi mai tsawon gada,
babban jirgin baƙi ya buɗe baki,
kiɗa ya hau, ya hau,
sai wayar ta mutu.

Duhu. Sauro. Warin gas da soyen ƙosai.
Namadi ya buga ta a tafin hannu, a banza.
Wa ya ci? na tambaya.
Ban sani ba, Baba, sai an kawo wuta.

Can sai ga na gaske,
ya sauko ƙasa ƙasa bisa rufin kwano zai sauka Ikeja,
tayoyi a waje, ciki na walƙiya.
Muka ɗaga kai tare.
Ba wanda ya ce komai.
Har ya ɓace bayan tankin ruwa
muna jira ya karya fukafukai.